Ba Rashin Ajiya Ke Tsayar da Alƙalami Ba

Wata maƙala ta zaga wayoyin matasan marubutanmu na arewacin Togo a 'yan makonnin nan, daga Sokode har Dapaong. Mai ita mutum ne da nake ganin girmansa, ya girme ni a shekaru, ya kuma riga ni riƙe alƙalami. Zan kira shi Malam, in kuma faɗi maganarsa kamar yadda ya faɗe ta kafin in ce uffan.

A ganin Malam, abin nan da marubuta ke kuka da shi, mutum ya zauna zai yi rubutu kansa ya toshe, alƙalami ya cije, ba wata cuta ba ce illa rashin tanadi. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saba jefa duk abin da ya ci karo da shi cikin manhajojin ajiyar bayanai irin su Google Keep da Evernote da Notion, labari ne, hoto ne, ko wata jimla da ta burge shi, ranar da ya zauna rubutu ba zai rasa abin faɗa ba, sai dai ya buɗe ya zaɓa. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kundin malamanmu ne ya koma cikin waya. Ya rufe da cewa ajiyar intanet ta fi takarda aminci, tunda gara ba ta cinta, ruwa ba ya jiƙa ta, kuma ko wayarka ta faɗa rafin Kpondjo, abin da ka ajiye yana nan yana jiranka.

Akwai gaskiya a ciki, ba zan tauye masa ita ba. Tunani ba ya sallama kafin ya shigo. Yana iya zuwa maka kana bayan ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, a hanyar kasuwa, ko kana layin alwala, kuma in ba ka kama shi a lokacin ba, ya tafi ke nan. Duk marubucin da ba shi da inda yake zuba irin wannan yana asara kullum. Ni ma ina ajiya, a takarda da kuma a waya. Rigimata da Malam ba a kan manhaja take ba. A kan cutar take, domin ya sa mata sunan da ba nata ba, kuma yaranmu sun fara shan maganin da ya rubuta musu.

Malam, matasan da suka fi kukan toshewar basira, su ne waɗanda wayoyinsu ba komai a ciki? Ka taɓa karɓar wayar ɗaya daga cikinsu ka duba?

Ni na duba. A teburin wani mai shayi a zangon Sokode, bayan isha'i, wani saurayi da ke karatu a Jami'ar Kara ya miƙo mini tasa. Yana so ya yi rubutu a kan direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome su nufi Burkina Faso, waɗanda dare ke yi musu a Sokode. Ya ajiye rahotanni da Faransanci, ya ajiye taswirar babbar hanya mai lamba ɗaya, ya ajiye hotunan tsagin dutsen Aledjo, ya ajiye muryoyin 'yan jarida. Na yi ta ja da yatsa, ajiyar ba ta ƙare ba. Na ce masa, "To ƙanena, kai me kake so ka ce game da direbobin nan?" Ya yi shiru yana juya kofin shayinsa. Na ce, "Ka taɓa zama da ɗaya daga cikinsu?" Ya ce bai samu dama ba tukuna. Daga inda muke zaune ana hango tireloli a jere a bakin titi, wani yaron mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tasu yana fifita murhun gawayi da kwali, maigidansa ya jingina da taya yana sauraren rediyo. Tsakaninmu da su bai wuce jifa ba.

Wannan yaro bai rasa ajiya ba. Ajiya ce ma ta tsaya tsakaninsa da aikin. Rumbu cike da gero ba tuwo ba ne, sai an sussuka, an surfa, an niƙa, an tuƙa, kuma manhaja iyakarta rumbu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda danna "ajiye" ke kwantar wa mutum da hankali. Ka ga dogon rubutu, ba ka karanta ba, ka danna, zuciyarka ta ce maka ka yi aiki yau. Gobe ka sake. A 2011 Betsy Sparrow da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a mujallar Science, inda suka ga cewa mutanen da aka gaya musu kwamfuta za ta ajiye abin da suka shigar ba su riƙe shi a ka kamar waɗanda aka ce musu za a goge. Ma'ana, abin da ka damƙa wa na'ura, kai kan sake shi. Alhali rubutu daga abin da ya zauna a kai yake fitowa, wanda aka juya, aka kwana da shi, aka yi gardama da shi a zuci.

Masu nazarin wannan matsala ma ba su ce rashin kaya ne tushenta ba. Mike Rose, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya fitar da littafi a kanta a 1984 bayan ya zauna ya lura da ɗalibai suna rubutu. Ya ga waɗanda ke cijewa ba su gaza sauran sani ba. Abin da ke ɗaure su shi ne dokokin da suka ɗora wa kansu, cewa dole jimlar farko ta fito cif, da kuma gyaran layi tun ba a gama sakin layi ba. Yaya ƙarin ajiya zai warkar da mai wannan hali? Ai sai dai ya ƙara masa nauyi, don yanzu bayan tsoron jimlar farko, ga tarin maganganun ƙwararru a gabansa, kowace tana nuna masa cewa tasa ba ta kai ba.

Sannan mu a nan muna da namu dalilan da babu su a littafin Rose, kuma na yi mamakin yadda Malam, wanda ya san ƙasar nan ciki da bai, ya tsallake su.

Na farko harshe. Yaron Sokode yana jin Kotokoli a gida ko Hausa a zango, ya yi karatun allo da Larabci, ya shiga boko da Faransanci. Na Dapaong ya tashi da Moba ko Gurmanci ko Fulatanci, ga Hausar kasuwa. In ya zauna rubutu, tunaninsa na zuwa da harshe ɗaya, ajiyarsa tana cikin wani. In ya ɗauki Faransanci, jan biron malamin makaranta ya faɗo masa a rai. In ya ɗauki Hausa, sai ya ji kamar mutanen Kano da Sakkwato na leƙa kafaɗarsa za su ce Hausar zango ce. Sau nawa na ga yarinya mai zuba labari da baki har mutane su manta da abincin gabansu, amma a ba ta takarda ta daskare? Wace manhaja ce za ta gaya mata cewa Hausar da take saye da sayarwa da ita, take zaman makoki da ita, ta isa a rubuta? Wannan magana daga bakin babba take fitowa, irin Malam, kuma ita ce na so in gani a maƙalarsa.

Na biyu ya fi nauyi. Tun watan Nuwamba 2021 da aka fara kai hari a yankin Kpendjal, da watan Mayu 2022 da aka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, rayuwa a jihar Savanes ta sauya. A watan Yuni 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a jihar, aka kuma yi ta sabunta ta. Dapaong ta karɓi mutanen da suka baro ƙauyukansu, da waɗanda suka tsallako daga Burkina. Marubucin da ke zaune a garin yana ganin matar da ta bar gonarta da akuyoyinta tana raɓe a gidan dangi. Yana jin abin da dillalan shanu ke faɗa ƙasa-ƙasa. Labari har ya yi masa yawa. Abin da ke riƙe hannunsa shi ne lissafi: in na rubuta wannan, wa zai karanta? Masu bindiga a daji za su gane wanda ya gaya mini? Hukuma za ta ɗauka na taɓa sirrin tsaro? Maƙwabcina Bafulatani, wanda ake yi wa kallon zargi ba da laifinsa ba, rubutuna zai sauƙaƙa masa ko zai ƙara masa? Malam, ka ce wa wannan mutum rashin tanadi ke damunsa? Shirunsa na hankali ne, kuma abin da yake bukata shi ne abokin shawara da zai zauna da shi su duba abin da za a iya faɗa, da yadda za a sakaya suna da ƙauye, da abin da ya kamata a jinkirta. In muka ce masa laifin nasa ne don bai cika manhaja ba, mun haɗa masa tsoro da zargin kai.

Yanzu batun kundi, wanda shi ne ginshiƙin hujjar Malam, kuma shi ne inda na fi saɓa masa.

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san yadda kundi yake. Takardu ne warwatse a cikin gafaka, gefensu ya yi baƙi don yawan taɓawa, an rubuta da tawada da alƙalamin gamba, nan da can an ja jan layi, a gefe an ƙara wata fa'ida da ƙananan baƙaƙe a karkace. Kowace takarda a ciki sai da malam ya je ya durƙusa gaban wani ya ji, ko ya aro littafi ya kwafa da hannunsa a hasken fitila. Takarda na da tsada, lokaci na da tsada, saboda haka ba ya rubuta sai abin da ya auna ya ga ya cancanta. Kafin ya gama kwafa ya rigaya ya haddace rabi. In ka tambaye shi mas'ala, hannunsa kai tsaye yake zuwa kan takardar, don kundin yana kansa kafin ya kasance a gafaka. Ina kamar wannan da ajiyar da ake yi da ɗan yatsa cikin daƙiƙa ɗaya, ba a karanta ba, ba a kuma komawa? Wahalar kwafa ita ce tankaɗen. Manhaja ta cire wahalar, ta tafi da tankaɗen tare da ita.

Kuma ba mu da bukatar zuwa nesa neman misali. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 ya rasu a 1934, ɗan fatake ne da ya bi hanyoyin goro har Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Garin yana cikin Ghana a yau, amma a lokacin yana ƙarƙashin Togo ta Jamusawa. A can ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'i da zaman jama'a, ban da waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, irin su Waƙar Talauci da Wadata. Daga ina ya samo wannan duka? Daga ƙafarsa da kunnensa. Ya zauna a zango, ya ga yadda ake ɗaure kaya a kan jaki, ya ji yadda madugu ke magana, ya ga yadda ake kallon matalauci a taro. Sannan yana da wanda ke zaune yana jiran takardar. Haka Abubakar Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, Rupert East ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Malam zai ce, to ai ga ajiya nan. Na yarda. Amma littattafan nan suna hannun East tun kafin Imam ya zo, ba su zama Magana Jari Ce ba. Sai da aka samu wanda ya karance su, ya narkar da su, ya zuba su a fadar sarkin Hausa da bakin aku, yana sane da cewa yaran makaranta ne za su karanta, kuma akwai ranar da ake jiran aikin. Ko Bajamushen nan Niklas Luhmann, wanda masu tallar manhajojin nan ke yawan ambata saboda katunansa kusan 90,000, da kalmominsa yake rubuta katin, ya kuma haɗa shi da wani katin da lamba. Rubutu yake yi tun a wurin ajiyar.

Saura maganar aminci. Malam ya ce abin da ke intanet yana nan yana jiranka. A Sokode ake faɗin haka? Garin da zanga-zangar 19 ga Agusta 2017 ta fi zafi a cikinsa? A watan Satumba na shekarar aka yanke intanet a ƙasar nan kwana da kwanaki, aka kuma sake yankewa kafin watan ya fita. Sai a watan Yuni 2020 kotun CEDEAO da ke Abuja ta yanke hukunci cewa yankewar ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, bayan ƙarar da Amnesty International reshen Togo da wasu ƙungiyoyi da wata 'yar jarida suka shigar. Hukuncin ya yi daɗi, amma a kwanakin da marubuci ya fi bukatar takardunsa, wanda ya dogara da rezo kaɗai ya zauna hannu rabbana. Na san wasu manhajojin suna barin kwafi a cikin waya, kuma wannan shi ne abin da ya kamata Malam ya koya wa yara su duba tun farko. Bai ambata ba.

Kamfanonin su ma ba su yi wa kowa alkawarin dawwama ba. A watan Disamba 2023 Evernote, bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, ta taƙaita masu amfani da ita kyauta ga ajiya 50 kacal. Mai son ƙari sai ya biya, kuma biyan ba da asusun kuɗin da ke wayar ɗalibin Dapaong ake yi ba. A watan Yuli 2025 Mozilla ta rufe Pocket, manhajar da mutane da yawa suka shekara suna tara abin karantawa a cikinta, aka ba su 'yan watanni su kwashe kayansu kafin a goge. Ga kuɗin data, ga ɗaukewar wuta, ga wayar da caji ke ƙarewa ana tsakiyar jimla. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan. A 2020 cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta bayyana cewa an yi yunƙurin kutsawa wayoyin wasu 'yan Togo da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, cikinsu har da bishop na Kpalime. Wanda ke rubuta sunan matar da ta gudo daga Kpendjal, da sunan ƙauyenta, da abin da ta ce ta gani, ya dace a ce masa ya zuba duka a intanet ba tare da wani gargaɗi ba? Amanar da ta ba shi fa?

Ga inda na tsaya. A yi ajiya, amma a ajiye kaɗan, kuma da bakin mai ajiyar. In ka karanta abu ya taɓa ka, rufe shi, ka rubuta layi biyu na abin da ka fahimta da dalilin da ya sa ya dame ka. In ba ka iya rubuta layi biyun ba, ba ka shirya ajiye shi ba. A zaɓi abin da ke buɗewa ko babu rezo, a riƙa sauke kwafi, sunayen mutanen da ke cikin haɗari kuma kada su shiga waya sam. Ranar da alƙalami ya cije, kada a koma tonon ajiya. A nemi mutum ɗaya, ƙanwa ko aboki, a ba shi labarin da baki kamar ana hira a ƙofar gida, sannan a rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, gyara ya biyo baya. A kuma samu mai jira. Marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun cika kasuwa da littattafai tun babu wayar hannu a Najeriya, domin suna da abin da ke cin ransu da masu karatu da ke tambayar ina ci gaban. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fitar da labarai daga hannun mata da yawa da suka daɗe suna cewa sai wata rana, kuma abin da ta ba su shi ne ranar rufewa da tabbacin za a karanta.

Akwai abu ɗaya da ya sa na kasa barin maganar Malam ta wuce. Shawararsa ta ginu a kan zaton cewa abin da za mu rubuta yana intanet, aikinmu kawai mu tsinto. Ga marubucin Paris ko Legas wataƙila haka ne. Amma abin da Sokode da Dapaong ke bukata a rubuta, mafi yawansa ba wanda ya taɓa sa shi a can. Yadda fatake Hausawa da Wangarawa suka zauna a unguwar Didaure ta Sokode a kan hanyar goro da ta biyo ta Jugu zuwa Salaga, wane gida ya fito daga ina, wa ya fara limanci, yana bakin tsofaffi da cikin gafakar jikokinsu. Yadda mahayan bikin Adossa ke shirya dawakansu, yadda matan Fulani ke dafa wagashi su kawo gari, yadda ake cinikin albasa da tumatir a kasuwar Dapaong, yadda ɗan kasuwar Sinkase ke lissafin hanya tun da tsaro ya taɓarɓare, duk sai an je an zauna an tambaya. Zuwa da kai ya fi saƙo. A nan waya tana da babban amfani, kuma a nan nake so Malam ya karkata alƙalaminsa: a nemi izinin dattijo, a ɗauki muryarsa, a dawo gida a kwafe ta a daren da hannu tun ana tuna yadda fuskarsa ta yi a kowace gaɓa, a koma masa da tambayoyin da suka taso. Yawancin dattawan nan sun haura saba'in, kuma har yau ba a ɗauki muryar mafi yawansu ba.